Farar Rigar Surukina

Bari in tona wa kaina asiri tun kafin wani ya riga ni, don har yanzu akwai tsofaffi biyu ko uku a Gumel da suka san maganar, kuma haƙoransu ne suka zube, bakinsu yana nan. Ni ne telan da ya ɗinka wa surukinsa likkafani yana da ransa. Ba almakashi ne ya zame mini ba. Zama na yi na auna, na yanka, na ɗinka, na zuba gawayi a dutsen guga na goge, sannan na ɗaga abin sama ina kallo ina gyaɗa kai kamar na haƙa rijiya da allura. Saura ƙiris wannan wautar ta raba ni da matata, muna ko shekara biyu ba mu cika ba, ita da ba ni da kowa a Gumel sai ita.

Asalina mutumin Gagarawa ne. An sa ni elementare na yi shekara biyu, ta biyun ma rabinta a kan tsamiya na yi ta, ina jifan masu wucewa. Abin da na fito da shi bai wuce rubuta sunana da karanta lambobin tef ɗin awo ba, sauran a kan titi na tsince shi, don haka in kun ga rubutun nan ya karkace, haka mai shi yake. Da aka gaji da ni sai kawuna ya kai ni Gumel koyon ɗinki. Shekarar da ta biyo bayan farin nan da ya cinye dabbobi, ina da keken ɗinkina da rumfata a kasuwa.

Aikin keke kam na iya. Jamfa, wando, 'yar shara, kaftani, duk ba na jin tsoronsu. Abin da ya gagare ni shi ne aikin hannu, wato zanen da ake yi wa babbar riga da allura a wuya da ƙirji, irin su aska biyu da aska takwas. Masu wannan aikin wasu dattawa ne da ke da rumfa a bayan tawa. In na haɗa riga dole in kai musu su yi mata aiki, su kuwa sai sun ɗaga ta sun bi ɗinkina da ido, sannan ɗaya ya ce, “Ɗan keke, wannan layin naka maciji ne ya bi ta nan?” Sauran su tuntsire. Nakan yi dariya tare da su, amma a ciki ina ta dafa musu.

Lokacin muna ƙarƙashin Kano, kuɗin fetur ya fara shigowa, gwamnati sai gine-gine take yi. Aka yi wani a bakin gari, ta hanyar Maigatari, wanda ba mu taɓa ganin irinsa ba. Dogo ne mai kusurwa huɗu, fari fat, rufinsa a shimfiɗe. Ba zanko a samansa, ba zane a bangonsa, sai wasu 'yan ramuka a jere can sama. Mutanen gari suka sa masa akwatin ashana. Wanda ya zana shi wani saurayi ne ɗan boko da ya yi karatu a Zariya, muna ce masa injiniya ko da yake shi ya ce ba haka sunan aikinsa yake ba. Wata rana ya kawo mini wando in rage masa tsawo, ya zauna a benci yana jira, da wata mujalla a hannu.

Ni da bakina ba ya zama, na ce, “Injiniya, yaushe za ku gama ginin nan?”

Ya ce, “Ai an gama.”

“To ina adon? Ko kuɗin ne ya ƙare a hanya?”

Ya yi dariya ya ce, “Malam tela, duk abin da ka gani a jikin ginin nan yana da aikin da yake yi. Bango yana ɗauke da rufi, ramukan nan suna shigo da iska. Abin da ba ya ɗauke da komai, me zai sa in ɗora wa ginin shi?”

Ya buɗe mujallar ya nuna mini wani hoto: fili fari, baƙin layi ya ratsa shi, sai ɗan ja a lungu ɗaya. Ya ce a ƙasashen Turai layi ake bi a kalli wannan. Na ce wannan ai ko ni da na gudu daga aji biyu sai in zana. Ya ce, “To me ya hana ka?” Ya juya shafi, ga wata mata a tsaye cikin riga kamar ƙyauren ƙofa, ba tattara, ba maɓalli, daga kafaɗa ta sauko sak har ƙasa. Ya ce, “Telan da ya ɗinka wannan, gini ya kalla.”

Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci na taka har wurin ginin na tsaya. Ba zan ɓoye ba, wani abu ya shige ni. Inuwar bangon ta faɗo a kan yashi a miƙe kamar an ja ta da zare, idona ya rasa abin da zai maƙale a kai, sai na ji ya huta. Amma kada in yi wa kaina ƙarya da tsufana. Rabin abin da ya shige ni sha'awa ce, ɗaya rabin kuwa son in nuna wa dattawan bayan rumfata cewa ana iya yin riga ba su.

Ana cikin haka azumi ya kama, ya yi tsakiya, sai ga saƙo daga Ɗanzomo, garin su matata, a ƙasar Sule Tankarkar. Mahaifinta manomi ne mai shanu, ko in ce wanda ya taɓa zama mai shanu. Farin nan ya kwashe garken ya bar masa 'yan kaɗan, tun daga nan tari ya kama shi, ya yi ta ramewa, ya shekara bai fi ya fito zaure ya koma ba. Saƙon ƙunshi ne na farar shadda da ya saya a kasuwar Maigatari wurin fataken Damagaram tun lokacin da hannunsa ke da maiƙo, ya ajiye ta a adaka bai taɓa ba.

Matata ta ajiye ƙunshin a gabana ta ce, “Baba ya ce babbar riga, aska biyu, kada a cika mata nauyi. Yana so ya je idi da ita in Allah ya kai mu. Malam, ka kai wa dattawan nan da wuri, ka san su da nawa.”

Na ce, “An gama.”

Wanda bai san surukuta irin ta wancan zamani ba, bari in gaya masa. Tun da aka ɗaura aurena ban taɓa kallon fuskar mutumin nan ba. In na hango shi a hanya sai in sake hanya, in ba dama in tuɓe takalmi in durƙusa. Bayan gaisuwa ba wata magana da ta taɓa shiga tsakaninmu. In yana da abin faɗa mini sai ya faɗa wa wani ina wurin, in ina da amsa sai in aika. Mutumin da nake jin nauyinsa haka, shi na zaɓa in gwada hikimata a jikinsa. Karambanin akuya, gai da kura.

Na shimfiɗa shaddar na ninka ta biyu. Na tsaga wuya a miƙe, daidai yadda kai zai shiga. Na zo kan aljihu na tambayi kaina, me yake ɗauke da shi? Tsoho mara lafiya goro nawa zai zuba? Na bar shi. Aikin wuya, me yake ɗauke da shi? Na bar shi. Shafin da ake sa wa bakin riga ta ciki, na bar shi. Na sa farin zare, na ɓoye ɗinkin yadda sai ka juya rigar za ka gan shi, kuma rantsuwa zan yi ba kaffara, ban taɓa jan layi madaidaici kamar na ranar ba. Kafin la'asar na gama abin da dattawa za su yi mako biyu suna tsikara.

Na kai wa injiniya ya gani. Ya ɗaga ta a rana ya daɗe yana kallo, ya ce, “Kai, Malam tela! Da a Legas kake da ka yi suna.” Wannan maganar ita ta ƙarasa ni. Na naɗe rigar a takardar siminti mai tsabta, na ɗaure da igiya, na ce wa matata kada ta kuskura ta buɗe, sai a gaban Baba. Saura kwana uku Sallah ta hau mota ta tafi don ta taya mahaifiyarta aiki, ni kuma zan biyo ranar Sallah, tunda tela ba shi da kansa a ƙarshen azumi.

Ranar jajibere da hantsi ina kan keke aka zo aka ce tsohon nan mai goro na kusa da rumfata ya cika, in zo da almakashi. Haka ake yi, telan da ya fi kusa shi ake kira ya yanka likkafani. Ni kuwa ban taɓa yi ba, da can maigidana da ya koya mini ɗinki ne yake zuwa, ni in tsare rumfa. Na tarar da liman a zaure an shimfiɗa farin alawayyo a tabarma. Muka yanka na naɗewa, muka zo kan rigar mamaci.

Liman ya ce, “Ninka biyu.” Na ninka. “Tsaga nan, daidai yadda kai zai shiga.” Na tsaga. “Shi ke nan. Kai, yaron nan hannunka ya faɗa, kamar ka saba.”

Mutum biyu suka ɗaga ta don a ga tsawo, hasken ƙofa ya ratso ta. Sai na ga rigar surukina. Ita ce, ba ragi ba ƙari, fara, ba aljihu, ba komai a wuya, daga kafaɗa sak har ƙasa. Almakashin ya suɓuce ya faɗi a kan ƙafata ban ji zafi ba. Ashe abin da nake ta taƙama na ƙirƙiro, shi ake yanka wa kowane mamaci tun ba a haifi kakan injiniya ba. Kuma na aika shi, da kyakkyawan ɗauri, ga tsohon da ya shekara a kwance.

Na sulale na fice. Ko jana'izar ban tsaya ba, Allah Ya yafe mini. Na bar kayan Sallar mutane a ƙarƙashin allura, na ja keken hawana na kama hanya.

Kaka ce, an yanke gero, dammunan hatsi a jere a gonaki, rana kuwa kamar a kaina kaɗai aka buɗe ta, ga azumi a baki. Hanyar yashi ce, in ka taka sau uku sai taya ta nutse. Ina tafe ina roƙon Allah Ya sa matata ta manta ƙunshin a mota, ko ɓarawo ya ɗauke, ko gara ta cinye. Na wuce Sule Tankarkar da kaɗan ƙaya ta huda tayar baya, na sauka na ci gaba da turawa. Abin da ya fi tsaya mini a rai yayan matata. Ƙato ne mai koren shanu tsakanin Damagaram da Maigatari, sandarsa ba ta rabuwa da kafaɗarsa, kuma tun farko bai so aurena ba, ya ce ba ya ba da ƙanwarsa ga mutumin da yake noma da tafin ƙafa yana zaune. Duk inda na ɗaga ido a hanyar nan sai in ga kamar shi ne a tsaye a ƙarƙashin bishiya.

Na shiga Ɗanzomo bayan la'asar. Tun daga nesa na hango ƙofar gidan, an shimfiɗa tabarmi, maza sun kai goma a zaune, ba mai magana. Na ce shi ke nan, ya ga rigar, zuciyarsa ta buga, na kashe shi. Na jingine keken a jikin darni, na tuɓe takalmi, na rarrafo na durƙusa, hawaye na zuba, na ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya haƙuri? Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.”

Mutanen suka dubi juna.

Sai yayan matata ya miƙe, a hankali, kamar raƙumi. Ya ce, “A jiƙan wa?” Ya juya ga mutane. “Jama'a kun ji da kunnenku ko? Shekaranjiya ya aiko da likkafani, yau ya biyo da gaisuwa!”

Ashe masu duba mara lafiya ne, suna jiran a sha ruwa. Tsohon yana ciki da ransa, kuma babu shakka ya ji ni.

Ban san lokacin da ƙafafuna suka bar ƙasa ba. Ya riƙe wuyan jamfata da hannu ɗaya, numfashinsa a fuskata, yana faɗa mini abin da ya faru. Goggonsu, ƙanwar tsohon, ita ta kwance ƙunshin a tsakar gida a gaban mata. Tana ɗagawa ta saki salati ta faɗi zaune. Kafin magariba duk garin ya ji cewa mijin yarinya ya gaji da jira, yana so tsohon ya tafi matarsa ta ci gadon 'yan shanun da suka rage.

Na ce, “Yaya, wallahi...”

“Kada ka ce mini yaya! Ƙanwata ta gama taka Gumel. An ce ka yi lakwal,” haka yake ce wa makaranta saboda yawan shiga Damagaram, “to yau za ta yi maka rana. Takardarta za ka rubuta kafin ka bar ƙofar nan.”

Ta bayan darni na ji muryar matata, ta dushe don kuka. Ba ta ɗaga ta ba. Ta ce, “Malam, me Baba ya yi maka?” Da sandar aka sauke mini da ya fi mini sauƙi.

Sai aka yi tari a zaure, dogo, mai fitowa daga can ƙasa. Da ya lafa wata siririyar murya ta ce, “Ku shigo da shi.”

Aka tura ni ciki. Na durƙusa a bakin ƙofa kaina a ƙasa, abin da nake gani ƙafafunsa ne kawai a kan buzu, sun zama kamar kara. Na ce, “Baba, barka da wuni. Ya jiki?” Ya amsa kamar ba abin da ya faru. Yayan ya tsaya a kaina ya ce in faɗa wa Baba dalilina, in ina da shi.

Ban taɓa haɗa jimla biyu a gaban mutumin nan ba. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, “Akwai wani gini a Gumel.”

Yayan ya ce, “Gini?”

“Ba shi da zanko. Wai duk abin da ba ya ɗauke da komai... wai a Turai har layi ake bi...”

“Ubana ne ya yi maka kama da ofis?”

Wani a waje ya fara dariya ya haɗiye ta.

Tsohon ya ce a kawo rigar. Goggo ta ce ita hannunta ba zai sake taɓa ta ba. Yayan ne ya shiga ya ɗauko ta a kan faifai, yana riƙe da shi nesa da jikinsa. Na ga hannuwan tsohon sun sauko sun ɗauke ta. Ya shafa. Ya juya ta ciki ya bi ɗinkin da babban yatsa tun daga sama har ƙasa. Sannan ya ce, “A tashe ni.”

“Baba!”

“A tashe ni na ce.”

Aka tashe shi, aka zura masa. Mata da ke leƙe ta ƙofar ciki suka ɗauki salati gaba ɗaya. Ni ban ɗaga kai ba, bakin rigar kawai na gani ya sauko ya tsaya a idon sawunsa, bai karkace ko ta ina ba. Ya ɗan motsa kafaɗa. Ya ce, “Ba nauyi.” Ya yi tari. “Da ita zan je idi. Maganar yarinya a bar ta sai an sauko.”

Da muka fito yayan ya matso da bakinsa kunnena ya ce, “Tela, in wani abu ya same shi a cikin rigar nan, ba takarda kaɗai za ka bari a garin nan ba.”

Aka sha ruwa, aka ga wata. An kawo mini kunu da ƙosai a ɗakin baƙi, ko kurɓi uku ban iya ba. Yadda na ga safiya ban sani ba.

Filin idi yana bayan gari, tafiyar da mai lafiya zai yi kafin ya gama cin goro ɗaya. Mu mun yi ta kamar za mu Makka a ƙasa. Tsohon yana gaba da sanda, ɗansa a dama, wani maƙwabci a hagu, ni a baya ina bin sawunsu. Kowa ya ci ado, riguna masu shuni suna ƙyalli, masu aska takwas suna ta naɗe hannu a kafaɗa, shi kuma a tsakiyarsu fari tas kamar an goge wuri ɗaya a allo. Mutane suna darewa suna ba shi hanya fiye da yadda ake ba mara lafiya. Wata tsohuwa ta ja jikarta ta rufe mata ido. Wani tsoho abokin wasansa ya tare shi ya ce, “Kai, mugu, ka riga mu shiri ke nan? To in ka je ka kama mini wuri mai inuwa.” Surukina ya yi dariya, dariyar ta zama tari, tarin ya ƙi tsayawa, ya sunkuya a kan sandar. Yayan ya waiwayo ya dube ni. Na ji fitsari ya kama ni.

Aka ja sahu, na sami kaina a bayansa daidai. Raka'ar farko lafiya, na ga ya sunkuya ya taso, na ce Alhamdu lillahi a inda ba a faɗarta. Raka'a ta biyu, sujadar ƙarshe, liman ya yi kabbara, duk filin ya ɗago ya zauna. Shi bai ɗago ba.

Ina zaune, ga farin bayansa a gabana ko kamu biyu babu, a shimfiɗe, ba motsi. Ƙasusuwan bayan sun fito ta cikin shaddar ɗaya bayan ɗaya, tunda ba wani aiki ko shafi da zai ɓoye su. Ƙuda ya sauka a kai ya yi tafiyarsa. Na ga jijiyar wuyan yayan ta tashi, yana tahiya yana kallon gefe. Ni tahiyar ta gudu daga kaina. Abin da nake faɗa a zuci shi ne, ya Allah ko gobe ne, ko jibi, ko a wace riga, ban da yau, ban da wannan. Ku dubi irin addu'ar da mutum yake yi wa surukinsa in tsoro ya kama shi. Na ga matata ana fito da ita daga ɗakina, na ga rumfata ba mai tsayawa, yara suna bina suna telan matattu. Liman ya kusa sallama.

Sai kafaɗar dama ta motsa. Ya dafa ƙasa, ya taso kaɗan kaɗan, ya zauna, ya yi sallama tare da mutane. Sallar nan in an karɓa, to ta wasu aka karɓa, tawa kam sai dai a yafe.

Da muka koma gida ya zauna a zaure da rigar a jikinsa, masu barka da Sallah suna shiga suna fita, kowa ya gaishe shi sai ya kau da ido. Ni ina rakuɓe a waje kusa da kekena mai faci, ba wanda ya ce mini ci kanka. Da azahar ta yi, mutane suka ragu, na ga in ban shiga yanzu ba ba zan taɓa shiga ba. Na durƙusa a inda na durƙusa jiya na ce, “Baba, zan koma.”

Sai ya kira ɗansa. Ya ce, “Ka ce wa ƙanwarka ta haɗa kayanta ta bi mijinta.”

“Baba, mutumin da...”

“Kai na haifa ko kai ka haife ni?”

Yayan ya tsaya kamar zai fashe, sannan ya juya zai shiga ciki. Tsohon ya ce ya dakata, akwai saura.

Ya ƙara damina biyu a duniya bayan wannan ranar. Na durƙusa a gabansa sau ba adadi, bai sake tayar da maganar da ya yi ranar ba, yayan bai taɓa isar mini da ita ba ko da yake a gabana aka yi ta, ni kuma har aka binne shi ban ba da amsa ba, don ban san ta ba. Ga abin da ya ce ranar a zauren, ɗansa yake kallo, ni ina ganin ƙafafunsa:

“Shekara guda duk wanda ya shigo zauren nan sai ya ce mini na ji sauƙi, har da masu cewa na yi ƙiba. Yaron nan kaɗai ya auna ni daidai. Ka tambayar mini shi, sani ya yi, ko hannunsa aka kama aka yanka da shi?”